Babi na Biyar: Amsar Adabi Shari'a Ce

Tambayar adabi a jarrabawar WAEC ko NECO ba ta da tsawo. Layi ɗaya ce, in ta yi yawa biyu. Amma a kan wannan ɗan layi ne ɗalibai da dama na makarantun sakandaren Rogo da Karaye suke zubar da makin da ya kamata ya zama nasu, kuma abin da ya fi ciwo shi ne waɗanda suka karanta littafin su suka fi faɗawa wannan rami. Yaro ya bi littafi daga bango zuwa bango, ya san sunan kowane tauraro da garin da ya yada zango. Ranar jarrabawa a ce masa ya tattauna jigon littafin, sai ya gyara zama ya ɗauko labari tun daga haihuwar babban tauraro. Ya cika shafi uku, hannunsa ya yi tsami, ya fito yana murna. Mai duba takarda kuwa ya san labarin nan tun kafin a haifi yaron. Abin da yake lalube a takardar shi ne ra'ayi, da hujjar da ta riƙe ra'ayin.

Ban yarda da masu cewa yaran karkara ba su iya kafa hujja ba. Duk wanda ya taɓa zama a ƙofar gidan dagaci ko mai unguwa a Rogo Ruma ranar da aka kawo rikicin iyakar gona, ya ga muhawara mai tsari. Mai ƙara ba ya farawa da tarihin kakansa. Zai durƙusa ya yi gaisuwa, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, daga gindin ɗorawar nan har bakin rafi gonata ce, maƙwabcina ya shigo mini da kunya huɗu." Da'awa ke nan, cikin numfashi ɗaya. Sai a ce masa ina shaida. Ya nuna layin gambar da mahaifinsa ya dasa, ya kira dattijon da aka raba gado a gabansa, ya kira wanda ya shekara da shekaru yana ganin inda garmarsa ke juyawa. Kowace shaida ya kawo sai ya faɗi abin da take tabbatarwa, domin gamba ba ta magana da kanta. In abokin shari'arsa ya ce ai ruwa ne ya cinye tsohuwar iyakar, ba zai yi kamar bai ji ba, zai tanka. A ƙarshe ya roƙi a tabbatar masa da abin da ya faɗa tun farko. Yaron da ya tashi yana ganin haka ya riga ya san tsarin amsar adabi. Abin da ya rage a nuna masa shi ne, a ɗakin jarrabawa shi ne mai ƙara, shaidunsa suna cikin littafin, mai duba takarda kuma shi ke zaune a mazaunin dagaci.

Farkon aiki shi ne karanta tambaya, kuma a nan gaggawa take yin ɓarnarta. Jarrabawar WAEC takan faɗo a watannin Mayu da Yuni, ta NECO ta biyo bayanta a Yuni da Yuli, daidai lokacin da ruwa ya sauka, ana shuka da noman farko. Ɗalibin da ya taso daga wani ƙauye na wajen Zarewa ko Fulatan a kan keke, wataƙila ma sai da ya leƙa gona da asuba, yakan shiga ɗaki zuciyarsa na gaya masa lokaci ya ƙure. Yana hango sunan littafin da ya sani sai ya hau rubutu. Ya daure ya ba tambayar minti biyar. Ya ja layi a ƙarƙashin kalmar da ke ba da umarni. In an ce "kawo", jerawa ake so. In an ce "bayyana", a buɗe abu ake so yadda wanda bai sani ba zai gane. In an ce "kwatanta", to abubuwan biyu su riƙa tafiya kafaɗa da kafaɗa a kowane sakin layi, kada a gama da ɗaya sannan a tuna da ɗayan. Amma in aka ce "tattauna", ko "yi sharhi", ko "ko ka yarda da wannan magana", an kira ka ne ka ɗauki matsayi ka kare shi. Irin wannan tambaya ita ce abin da babin nan ya sa a gaba.

Littattafan da hukumomin jarrabawa ke sanyawa a manhaja suna sauyawa bayan 'yan shekaru, saboda haka zan yi misali da wanda ya daɗe a hannun jama'a, wato Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Yana cikin littattafan da suka fito daga gasar ƙaga labari ta 1933 wadda Rupert East ya shirya a ƙarƙashin hukumar fassara da talifi ta Zariya, tare da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Ɗalibin wannan yanki ya lura da sunan Gwarzo a jerin nan, maƙwabciyar Karaye. Ya kuma lura cewa a cikin Shaihu Umar, da aka kori Makau daga Kagara, Maƙarfi ya je ya zauna, garin da mutanen Rogo ke cin kasuwarsa. Adabin da ake tambayarsa a kai ya ratsa ta ƙofar gidansa.

A ce tambayar ta zo kamar haka: Shaihu Umar labari ne na illar bauta, tattauna. Ɗalibi ya juya bayan takardarsa ya rubuta abin da ya tuna, a gajarce. Mahaifin Umar ya rasu, mahaifiyarsa ta auri Makau, bafaden sarki. 'Yan'uwansa fadawa suka yi masa hassada, suka ce ya ɓoye wasu daga bayin da ya kamo a hari, aka kore shi. Mahaifiyar ta tafi Fatika ganin iyayenta, a bayanta aka sace Umar. Yaron ya bi hannuwa har Kano, inda Balarabe Abdulkarim ya ɗauke shi zuwa ƙasar Masar, ya riƙe shi tamkar ɗa, ya sa shi karatu har ya zama malami. Mahaifiyar ta fito nemansa, aka yaudare ta, aka ƙetara hamada da ita, aka sayar da ita. A Tarabulus suka sadu, ba ta jima ba ta rasu. Umar ya dawo ƙasar Hausa ya zauna a Rauta yana karantarwa. Wannan duka kayan aiki ne, kuma a bayan takarda ya kamata ya tsaya. Sai ɗalibin ya dube shi ya tambayi kansa, a cikin mutanen nan wa bauta ta fi cuta? Amsar da ya ba kansa ita ce da'awarsa.

Gabatarwar da aka fi gani a takardun yara ita ce wadda ke farawa da godiya ga mai tambaya, sai a shiga tarihin marubuci: an haife shi a 1912, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya zama firayim minista, an kashe shi a watan Janairun 1966. Duk gaskiya ne, kuma babu ko ɗaya da aka tambaya. Ga irin wadda nake so in gani:

"Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya nuna illar bauta, amma ba a jikin Umar ya fi nuna ta ba. Umar ya faɗa hannun mai tausayi, ya yi ilmi, ya zama shaihi. Wadda bauta ta cinye ita ce mahaifiyarsa. Ta hanyarta, da ta hanyar korar Makau, marubucin ya nuna cewa bauta tana rusa gida tun kafin a ɗaura wa kowa igiya a wuya."

Jimloli huɗu ne kacal. An ambaci littafi da marubuci, an amsa tambayar, an faɗi ta inda za a bi. Mai duba takarda yana gama karanta su ya san wannan yaro ya yi tunani, kuma ya san abin da zai jira a sauran shafin. Wani ɗalibi yana iya ɗaukar wani matsayi dabam, ya ce jigon ƙaddara da haƙuri ya rinjayi na bauta a littafin. Shi ma daidai ne muddin ya iya kare shi. Wanda na fi tausaya wa shi ne mai tsayawa a tsakiya, ya ce ta wani ɓangare haka ne, ta wani ɓangare kuma ba haka ba ne, ya ƙare bai ce komai ba. Yara suna yin haka ne don tsoron kada ra'ayinsu ya saɓa da na malami. A tambayar "tattauna" ba a ajiye amsa ɗaya a aljihu ana jiran wanda zai cinka ba.

Gangar jikin amsa kuwa sakin layi uku ko huɗu sun isa, kowanne ɗauke da magana ɗaya. Cikin kowane sakin layi akwai abubuwa uku da ke bin juna: maganar da kake son tabbatarwa, abin da ya faru a littafin da ke mara mata baya, sai sharhinka da ke ɗaure su wuri guda. Na ukun nan shi yara suka fi mantawa, alhali a nan makin ya fi taruwa. Dubi wannan:

"Bauta ta fara ɓarna a gidan su Umar tun ba a kama ko ɗayansu ba. Ƙazafin da ya jawo korar Makau a kan bayi aka gina shi, domin an ce ya ɓoye wasu daga waɗanda ya kamo. Wannan ya nuna cewa a fadar Kagara mutum ya zama dukiyar da ake ƙirgawa, har ana iya halaka bafade a kan lissafinta. Makau da ke fita kamun 'ya'yan wasu, sana'ar tasa ce ta raba shi da iyalinsa, ta bar ɗan matarsa ba mai tsaro."

Jimlar farko magana ce. Ta biyu shaida ce, kuma a lura da gajartarta: ba a faɗi yadda aka shirya harin ba, ba a faɗi abin da Makau ya tarar a hanya ba. An ɗebo daidai abin da ake bukata aka bar saura. Jimloli biyun ƙarshe su ne sharhi, su ne na ɗalibin, babu inda zai same su a rubuce cikin littafin. Hanya mai sauƙi ta gane ko ka koma tatsuniya ita ce ka dubi kalmomin da ke haɗa jimlolinka. In ka ga "sai", "daga nan", "bayan haka" sun yi jerin gwano, labari kake bayarwa. In ka ga "domin", "wannan ya nuna", "saboda haka", "amma", to kana kan hujja.

Sakin layi na biyu ya koma kan mahaifiyar, kuma a nan ya kamata a zauna sosai, tunda ita ce gindin da'awar. Mace ce 'yantacciya, ba a hari aka kama ta ba. Da ƙafarta ta fito, son ɗanta ya fito da ita, kuma wannan son shi mayaudari ya kama ya ja ta da shi har kasuwar bayi. Ɗalibi mai lura zai ce marubucin ya zaɓi mafi tsarkin abin da ɗan'adam ke da shi, ya nuna yadda bauta ta mayar da shi tarko. Zai ƙara da cewa an bar ta ta ga ɗan nata, amma ba a bar ta ta more shi ba. Da ta rayu suka koma gida tare, da mai karatu ya rufe littafin yana cewa komai ya wuce. Mutuwarta a Tarabulus ta hana shi wannan sauƙin.

Ba dole ba ne jerin hujjoji ya bi jerin labari. A misalinmu sun zo daidai ne kawai. Ƙa'idar ita ce kada ka ɓoye hujjarka mafi ƙarfi a ƙarshe inda ƙararrawa za ta iya riskarka. Sa ta a farko ko ta biyu. In lokaci ya ƙure, gara a rasa ƙaramar.

Saura abin da ke raba amsa mai kyau da amsa ta ƙwarai, wato tankawa abokin shari'a. Duk wanda ya karanta Shaihu Umar zai iya ce maka, to Abdulkarim fa? Ai ta dalilin bauta Umar ya samu uba, ya samu malamai, ya samu darajar da wataƙila da ya zauna a Kagara ba zai samu ba. Mai duba takarda ya san da wannan, kuma in ka tsallake shi zai ɗauka ko ba ka gani ba ne, ko ka gani ka ji tsoro. Kawo shi da bakinka, ka ba shi haƙƙinsa, sannan ka amsa. Ka yarda Abdulkarim ya kyautata wa Umar. Sai ka tuna wa mai karatu cewa fataucin bayi ne ya kawo Abdulkarim Kano, kuma yaro ɗaya da aka ɗauka ɗa bai goge sauran da aka kora cikin rairayi ba. Kirkin mutum ɗaya sa'a ce ta faɗa wa Umar, ita kuwa mahaifiyarsa ta gamu da abin da akasarin bayi ke gamuwa da shi.

Akwai wata hujja da ba kasafai ɗalibai ke taɓa ta ba, ga ta kuwa a fili. Wa ke ba da labarin? Umar ne da kansa, bayan ya girma ya zama shaihi, yana zaune cikin almajiransa. Malami mai tawakkali ba zai ba da labarin rayuwarsa da kuka da zagi ba. Saboda haka sanyin muryar littafin ba ya nufin abin da ya faru mai sauƙi ne. Ɗalibin da ya kawo wannan ya haɗa salo da jigo a sakin layi ɗaya, kuma ya nuna ya san bambancin marubuci da mai ba da labari.

Tsarin nan bai tsaya ga ƙagaggen labari ba. A wasan kwaikwayon Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, attajiri Jatau ya auri karuwa Kyallu, dukiyarsa ta salwanta. In aka tambayi wa ke da laifi, kusan kowa Kyallu zai nuna. Ɗalibin da ya ce Jatau ne, domin da idonsa buɗe ya shiga, ya kuma kawo abin da Jatau ya faɗa da abin da ya aikata, takardarsa za ta fita dabam. A wasa, shaidarka ita ce furucin 'yan wasa da ayyukansu.

A waƙa kuwa akwai wata matsala da nake so malamai su duba. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero ya yi wa nazarin waƙa babban aiki da Gadon Feɗe Waƙa, inda ya shimfiɗa matakai irin su jigo, da zubi da tsari, da salo da sarrafa harshe. Amma a azuzuwa da yawa an mayar da matakan nan hadda. Ko me aka tambaya, yaro sai ya jero kanun duka, ya ce waƙar 'yar ƙwar biyar ce, ga amsa-amonta, ga kamance, ga jinsintarwa, ya rufe. An ƙirga kayan aikin mawaƙi ba a faɗi abin da ya ƙera da su ba. Ɗauki Hausa Mai Ban Haushi ta Aƙilu Aliyu, wadda ke sukar masu cakuɗa Hausa da Turanci. Cewa akwai baƙin kalmomi a waƙar rabin amsa ce. Cikonta shi ne a ce ya saka su da gangan domin mai sauraro ya ji munin abin da kunnensa, wato salon da kansa hujja ne a kan jigon.

Kammalawa ba ta bukatar wuce jimla biyu ko uku. Maimaita matsayinka da wasu kalmomi, yanzu da shaidu suka riga suka tsaya a bayansa. Kada ka shigo da sabuwar hujja, kada kuma ka juye wa'azi, kana kira ga gwamnati da iyaye da matasa. Wannan ɗabi'a daga dandalin muhawarar makaranta yara suka ɗauko ta, can tana jawo tafi, a takarda kuwa layi kawai take ci. Haka ma karin magana: ɗaya da ta zauna daidai ta fi biyar da aka cusa don ado. A rubuta daidaitacciyar Hausa, a sa wa ƙ da ɗ da ɓ lanƙwasarsu, a raba kalmomin da ake rabawa, domin mai dubawa da ke tuntuɓe a kowane layi ba zai ga kyan hujja ba.

Na san inda takalmin ke matsa wa yaranmu. Littafi ɗaya yakan zagaya hannun ɗalibai da yawa, wasu kuma ba su taɓa riƙe shi ba, sai 'yan takardun taƙaitawa da tambayoyin shekarun baya. Taƙaitawa tana ba ka labari, kuma labari shi ne ainihin abin da muka ce a rage. Ƙananan abubuwan da ake kafa hujja da su, wata kalma da tauraro ya furta, wani abu da ya yi shiru a kansa, su ne taƙaitawa ke zubarwa. In kwafi ɗaya ne a unguwa, a taru a zaure bayan sallar isha'i, ɗaya ya karanta a bayyane, sauran su saurara, ko da fitilar waya ce. In an gama babi, a raba zauren biyu a kafa ƙara.

Ga wadda za a fara da ita, daga Ruwan Bagaja. Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman sun sha jefa juna cikin wahala a tsawon tafiyar neman ruwan, kowannensu ya yi yaudara, kowannensu ya rama. Ɓangare ɗaya ya kare cewa Alhaji ya fi Zurƙe halin kirki, ɗayan ya ce tafiyarsu ɗaya. Kowane ɓangare ya faɗi da'awarsa cikin jimla ɗaya, ya kawo aukuwa uku daga littafin tare da abin da kowacce ke tabbatarwa, ya kuma amsa hujja mafi ƙarfi ta abokan gaba. Masu kare Zurƙe kada su manta cewa duk abin da muka sani game da shi daga bakin Alhaji muka ji shi. Bayan an tashi, kowa ya rubuta nasa cikin minti talatin, gobe ya kai wa malaminsa na Hausa.